Wa Zai Gyara Injin Idan Ya Tsaya?

Duk mai bibiyar tarukan da ake shiryawa a Abuja kan makomar masana'antu ya saba da jin batun juyin masana'antu na huɗu, wato zamanin da injina ke aika wa juna bayanai ta intanet, ƙirƙirarriyar basira ke sa ido a kan abin da ake ƙerawa, mutum-mutumi kuma ke karɓar ayyukan da a da sai hannun ɗan Adam. Jamusawa ne suka raɗa wa abin suna a bikin baje kolin masana'antu na birnin Hanoba a 2011, kuma mafi yawan abin da suka hango ya tabbata. A 2023 yawan mutum-mutumin da ke aiki a masana'antun duniya ya haura miliyan 4, waɗanda aka girka a wannan shekara kaɗai sun wuce 540,000, kuma fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka kafa su. A Koriya ta Kudu, duk inda aka ƙirga ma'aikatan masana'anta 10,000 za a tarar da mutum-mutumi sama da 1,000 suna aiki tare da su.

Ba na jayayya da waɗannan alƙaluma, kuma ba na cikin masu ganin cewa abin bai shafe mu ba. Sai dai aikina na kula da injina a ƙanana da matsakaitan masana'antu tsakanin Jos da Bukuru ya sa akwai tambayar da nake fara yi wa kowace sabuwar fasaha kafin in saurari sauran kirarinta: ranar da wannan inji ya tsaya, wa zai tashe shi, da wane kayan gyara, kuma bayan tsawon wane lokaci? A wurina, amsar wannan tambaya ce ke raba masana'antar da jikokin mai ita za su gada da wadda za ta koma sito cike da ƙarafa masu tsatsa.

Jos ba baƙuwar fasaha ba ce. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shigo haƙar kuza da manyan injinan tono, aka jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa wannan tsauni a 1914, wani layin kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Saboda ma'adinan ne aka kafa kamfanin NESCO a 1929, wanda ke samar da lantarki daga ruwan Kurra, a lokacin da mafi yawan garuruwan ƙasar nan ba su san wata fitila ba sai ta kananzir. A farkon shekarun 1960 aka gina masana'antar narkar da kuza ta Makeri, a 1963 kuma kamfanin NASCO ya fara da saƙar buhunan algarara, kafin daga baya ya faɗaɗa zuwa biskit da abincin masara da sabulun wanki. A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta buɗe masana'antar murza ƙarfe ta Jos tare da takwarorinta na Katsina da Oshogbo, kowacce da ƙarfin fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara.

Idan aka dubi ƙarshen kowannensu, za a ga cewa ingancin inji a ranar da aka buɗe shi bai cika faɗin abin da zai faru bayan shekara ashirin ba. Injinan masana'antar murza ƙarfe na zamani ne a lokacinsu, amma ɗanyen ƙarfen da za su murza daga masana'antar ƙarfe ta Aladja da ke jihar Delta ake sa ran zai riƙa zuwa, tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan titi, kuma da Aladja ta kasa wadatar da su, Ajakuta ma da aka fara ginawa tun 1979 ta kasa kankama, sai injinan Jos suka zauna jiran abin da za su ci. NESCO kuwa ruwansa a nan yake zubowa, ma'aikatansa a nan suka koyi injinansa ciki da waje, shi ya sa har yau, yana dab da cika shekara ɗari, bai daina ba da wuta ba. Abin da ya ɗore shi ne wanda abincinsa da masu jinyarsa ke kusa da shi. Da wannan ma'auni nake duban sababbin fasahohin da ake tallata mana.

Wadda ta fi burge ni a cikinsu ba ta cika fitowa a hotunan baje koli ba, saboda ƙanƙantarta. 'Yar na'ura ce da ake mannawa a jikin moto ko famfo ko gidan giya, tana auna girgiza da zafi dare da rana, tana aika sakamakon zuwa waya ko kwamfuta. Boris ba ya mutuwa farat ɗaya. Makonni kafin ya ci, girgizarsa kan sauya salo, daga baya zafi ya ƙaru, sai can ƙarshe kunne ya fara jin ƙara. Tsofaffin makanikanmu sun san haka tun kafin a haife mu: za ka ga dattijo ya ɗora bakin sukundireba a kan murfin boris, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya ce a nemo sabo kafin Juma'a. Abin da na'urar ta ƙara shi ne ba ta barci, ba ta tafiya hutu, kuma tana ajiye tarihin kowane inji, ta yadda manhaja za ta kwatanta girgizar yau da ta watan jiya ta yi gargaɗi tun da sauran lokaci. Ribar a fili take. Boris ɗin da aka canza a ranar da aka tsara tsayawa aikin 'yan sa'o'i ne, amma wanda aka bari ya ci ana tsakiyar aiki kan tafi da sandar juyi, ya ƙona naɗin moto, ya tsayar da layi gaba ɗaya, ma'aikata na zaune ana biyansu, masarar da aka jiƙa kuma tana tsami a cikin tanki.

To amma gargaɗi sai da mai ji. A 1924 Sakichi Toyoda na Japan ya kammala injin saƙa mai tsayar da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da fitar da yadi mai aibi, kuma daga wannan tunani ne kamfanin Toyota ya gina al'adar da ta ba kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar matsayinsa, ikon jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga matsala. A masana'antunmu da yawa akasin haka ake yi. Yaro zai ji inji ya sauya ƙara amma ya ja bakinsa ya yi shiru, don ya san idan ya faɗa shi za a ce ya lalata, wataƙila ma a cire kuɗin gyara daga albashinsa. Wanda ya sayi na'urar auna girgiza bai gyara wannan hali ba, ya sayi ƙararrawar da babu mai amsa ta. Shi ya sa duk maigidan da ya tambaye ni ta ina zai fara shiga sabon zamani, nakan ce ya fara da littafi da biro a gefen kowane inji, a riƙa rubuta lokacin da ya tsaya, dalilin tsayawar, da abin da aka canza. Ƙirƙirarriyar basira da bayanai take aiki, kuma masana'antar da ba ta da tarihin wata shida na injinanta ba ta da abin da za ta ba ta.

Fasaha ta biyu da na ga ta sauya kasuwanci a nan kusa ita ce injin tantance ƙwaya. Wanda bai taɓa tsayawa a gabansa ba zai yi mamakin aikinsa. Riɗi ko wake ko shinkafa na gangarowa ta wasu kwaroron ƙarfe a shimfiɗe, kyamarori masu saurin gaske na kallon kowace ƙwaya ta gaba da ta baya, da zarar sun ga wadda launinta ya saɓa, ko baƙa ce ko tsakuwa ce ko mai fumfuna, sai wani ɗan bututu ya hura mata iska ta faɗa wani mazubi daban, sauran kuma su wuce abinsu. Ba abin da kunne ke ji sai tas-tas ɗin iskar, ido kuwa ba ya iya bin abin da ke faruwa. Sababbin samfurorinsa har koya musu ake yi da hotunan ƙwaya mai kyau da marar kyau, su riƙa bambance siffa ba launi kaɗai ba. Ga jihar da ke noma masara da waken suya da acha, maƙwabtanta kuma ke noma riɗi da citta, irin wannan inji na iya ɗaga buhu daga farashin kasuwar ƙauye zuwa farashin fitarwa waje. Sai dai tsabtar ido kaɗai ba ta isa yanzu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, abin da babu kyamarar da za ta gani. Babban mai saye a yau yana son takardar da ke nuna inda buhu ya fito, da ranar da aka sarrafa shi, da sakamakon ɗakin gwaji, kuma wanda ya iya ba da wannan shaida shi ke yanka farashi.

A kan irin wannan inji ne na ga abin da ya ƙara zaunar mini da tambayar da nake yi. Wani kamfanin sarrafa hatsi ya sayo shi daga waje da kuɗi masu yawa, ya yi aiki lafiya har damina ta shigo. Duk mazaunin Jos ya san tsawar wannan tsauni. Wata rana da yamma aka yi ta, wuta ta yi tsalle, allon da ke sarrafa injin ya ƙone. Wani matashi mai gyaran waya da kwamfuta a cikin gari ya duba allon da madubinsa, ya nuna mana 'yan ƙwayoyin da suka ƙone, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ya kuma canza su. Da aka mayar da allon sai injin ya kunna fitilunsa ya tsaya yana neman lambar sirri. Maigidan, dattijon da ya tara jarinsa a fataucin hatsi, ya dube ni ya ce, "Injiniya, yanzu duk faɗin Jos babu wanda zai tashi wannan abu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, gyara kam an gyara, amma makullin yana hannun waɗanda suka sayar mana." Su kuwa suka ce sai dai a sayi sabon allo, a biya da dala, a kuma ɗauki nauyin zuwan ma'aikacinsu. Kafin a nemi canji, kaya su taso, su fita daga hannun kwastan, baƙon ya iso, lokacin kaka ya ƙarato kuma masu sayen da suka saba da kamfanin sun koma wani wuri. Alhaji ya biya kuɗin injin har kobon ƙarshe, amma a ranar da ya fi buƙatarsa sai ya tarar aro aka ba shi, kuma Bahaushe ya riga ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. Manoman Amurka sun daɗe suna takaddama da kamfanin John Deere kan manhajar da ke hana su gyara taraktocinsu da kansu, har hukumar kula da cinikayya ta ƙasar ta kai kamfanin kotu a watan Janairun 2025. Abin da ke faruwa shi ne masu ƙera inji sun gano cewa ribar da ke cikin hidima da kayan gyara ta fi ta sayar da ƙarfen kansa. Wasu ma sun koma karɓar kuɗi gwargwadon aikin da injin ya yi: Rolls-Royce na karɓar kuɗi a kan kowace sa'a da injinsa ya yi yana tashi da jirgi, akwai kuma masu injin matsa iska da ke girka shi a masana'antarka, su kula da shi, kai kuma ka biya gwargwadon iskar da ka sha. Wannan tsari na da abin so a ƙasar da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, domin yana sauke wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyin neman rance. Amma ba zai amfane mu ba sai idan mai injin na da ma'aikaci da sito a Jos ko Abuja, wanda za a kira da safe ya iso kafin la'asar.

Haɗa injina da intanet ma na da nasa haɗarin. A watan Maris na 2019 masu kutse suka kulle kwamfutocin kamfanin alminiyon na Norsk Hydro da ke Norwe, kuma abin da ya rage wa kamfanin asara shi ne akwai ma'aikatan da suka iya tafiyar da injinan da hannu.

Idan har akwai fasahar da za ta iya dawo mana da makullin gyara, to ita ce ƙira da kwamfuta. Na'urar da ke gina abu hawa-hawa daga zane, tana narkar da roba ko garin ƙarfe tana ɗorawa har siffa ta cika, ta yi araha sosai tun bayan da wa'adin haƙƙin mallakar wata babbar dabararta ya ƙare a 2009. Kamfanin General Electric na amfani da ita wajen ƙera bututun feshin mai na injin jirgin sama, inda gutsattsari 20 da a da ake haɗawa suka koma abu guda, nauyinsa kuma ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Mu ba injin jirgi ne a gabanmu ba. Abin da ke tsayar da layin cika leda ko na liƙa kwali sau da yawa ɗan haƙorin giya ne na roba, ko wani maƙali da ba a samu a kasuwa sai an aika waje. Wanda ke da na'urar ɗaukar siffa da wannan na'urar gini zai iya fitar da shi a yini guda. Ba kowane abu za ta yi ba, domin robar da aka gina hawa-hawa ba ta jure nauyi da zafi kamar ƙarfen da aka sassaƙa, amma ko a nan tana da amfani, don za ta iya fitar da samfurin da maƙeri zai yi zubi a kansa. Duk wanda ya shiga unguwar Dilimi a Jos ya ga yadda masu walda da masu sassaƙa ƙarfe da masu naɗin waya ke tayar da abin da aka fid da rai da shi, ya san cewa basirar hannu ba ita muka rasa ba. Abin da ya rage shi ne awo na ƙwarai, da zane a kwamfuta, da sanin irin ƙarfen da ya dace da kowane aiki. A nan ne Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos za ta iya zama abokiyar aikin waɗannan masu sana'a, ta gwada musu ƙarfe ta faɗa musu abin da ke cikinsa.

Duk wannan magana kuwa a kan wuta take tsaye. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan ranaku, kuma a watan Afrilun 2024 farashin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, ya tashi zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Injinan zamani sun fi na da rashin haƙuri da wuta mai hawa da sauka, domin tsohon moto zai yi gurnani ya ci gaba, allon kwamfuta kuwa ƙonewa zai yi. Akwai abin da masu sayen janareta a nan kan manta da shi: Jos na kan tudun da ya haura mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka janareta da injin matsa iska ba sa ba da cikakken ƙarfin da aka rubuta a jikinsu. Sola kuwa sanyin garin alheri ne gare ta, tun da faifanta ya fi aiki idan bai ɗauki zafi ba, ga shi farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Masana'antar da ke aikin rana za ta iya rage shan dizal sosai da faifan da ke kan rufinta tun kafin ta sayi batir. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan sauƙi. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar da masana'antu ke sha motoci masu juya famfo da fanka da bel ne ke shanye ta, kuma na'urar daidaita gudun moto, idan ta rage gudun fanka ko famfo da kashi 20 cikin ɗari, wutar da yake ci na raguwa da kusan rabi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, kuma jihar da ke da tarihin Kurra bai kamata a bar ta a baya a wannan fage ba. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, ta Abuja da Kaduna ya bi, don haka masana'antun unguwar Idu da ke Abuja ne za su fara cin moriyarsa, mu kuwa sai dai a kawo mana a matse cikin tankoki.

Ta ɓangaren kasuwanci, babban sauyin shekarun nan shi ne duniya ta fara tsoron dogon zango. Annobar korona ta rufe masana'antu, ƙarancin ƙwaƙwalwar na'ura ya tsayar da kamfanonin mota, a watan Maris na 2021 kuma jirgin ruwa guda ya toshe mashigin Suwez na kwana shida. Tun daga nan manyan ƙasashe ke ƙoƙarin dawo da ƙira kusa da gida, har Amurka ta ware sama da dala biliyan 52 a 2022 don wannan manufa a fannin ƙwaƙwalwar na'ura. Mu namu darasin ta hanyar naira ya zo. Dalar da ake canzawa a hukumance kusan naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma a tsakanin nan kamfanin magunguna na GSK da kamfanin kayan masarufi na Procter & Gamble suka sanar da sauya tsarin aikinsu a Najeriya zuwa shigo da kaya ko sayarwa ta hannun wasu. Abin ya yi wa ma'aikata ciwo, amma ya buɗe gurbi a kan kantocin shaguna, kuma wanda kayan aikinsa ke fitowa daga gonakin Mangu da Bokkos ya fi wanda ke jiran kwantena damar cike shi. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2021, ƙofa ce mai buɗewa ta ɓangare biyu: kayanmu za su iya fita, na Masar da Maroko da Afirka ta Kudu ma za su iya shigowa, kuma mai saye ba zai tausaya wa wanda injinsa ya tsaya ba.

Akwai kuma arziƙin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar mana kududdufai, amma zamanin na'urori ya dawo da darajarsa, domin kusan rabin kuzan da duniya ke amfani da shi wajen liƙa ƙwayoyin lantarki a kan allo yake tafiya, kuma tun da Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki a 2006 buƙatarsa ta ƙaru. Wato allon da ya ƙone a injin Alhaji da kuza aka liƙa shi, ƙila ma har da wanda matasa ke fitowa da shi daga ramukan Barikin Ladi suna sayarwa a ɗanyensa. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a watan Janairun 2020, abin da ya tilasta wa masu saye gina masana'antun narkarwa a ƙasarta, ko da yake muhallinta ya biya farashi mai tsada. A maƙwabciyarmu Nasarawa an buɗe masana'antar sarrafa litiyom a 2024. Ina goyon bayan a sarrafa ma'adinanmu a gida, da sharaɗin 'ya'yanmu su shiga ɗakin sarrafa injin su san abin da ke cikinsa, kada aikinsu ya tsaya a ɗaukar buhu da gadin ƙofa.

Game da mutum-mutumi da tsoron da ake yi na rasa ayyuka, ina ganin lissafin bai kai nan ba tukuna. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, hannun ƙarfen da ake saye da dubban daloli ba zai biya kansa a aikin jera kwali ba. Inda ya dace shi ne inda aikin ke cin lafiyar mutum, kamar bakin tanderu da ɗakin fenti da wurin ƙurar sinadarai, ko inda tsabta da daidaito suka wuce abin da hannu zai iya, kamar cika magunguna.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da za su riƙe waɗannan injina. Hedikwatar Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971, a nan Jos take, kuma shi ya ɓullo da tsarin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Muna da Jami'ar Jos, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Barikin Ladi. Duk da haka ɗalibin da ya zo koyon aiki sau da yawa a ofis yake ƙarewa yana jera takardu, domin ana tsoron ya taɓa inji. Ma'aikacin da sabuwar masana'anta ke nema shi ne wanda ya haɗa abu uku a kansa: ya san ƙarfe, ya san lantarki, ya kuma iya buɗe manhajar da ke sarrafa inji ya karanta abin da take faɗa. Irin wannan mutum ba a aji kaɗai ake samar da shi ba, sai ya shafe shekaru a gefen dattijon nan mai sukundireba, shi ma dattijon a ba shi girmansa da ladan koyarwarsa kafin ya tafi da iliminsa. Kuma muddin iyaye na ganin mai rigar aiki da giris a hannu bai kai mai zaman ofis daraja ba, albashi ma na tabbatar musu da haka, yaran da suka fi kaifin basira za su ci gaba da guje wa wannan fage, waɗanda suka ƙware kuma su tsallaka waje.

Saboda haka idan wani maigida ya kira ni zai sayi sabon inji, kafin mu yi maganar farashi nakan roƙe shi mu zauna a kan takardar yarjejeniya. A rubuta cewa lambar sirri da kwafin manhajar sarrafawa za su zo tare da injin su zama mallakarsa, haka ma zanen wayoyin ciki a harshen da ma'aikatansa ke karantawa. A nemi jerin kayan gyara da lambobinsu na asali, don a san wane boris da wane bel da wane makunni za a iya samu a Jos ko Kano ba sai an aika waje ba, waɗanda ba a samu kuma a sayo na ajiya tun a tafiyar farko. A sa kuɗin kariyar tsawa da na daidaita wuta a cikin lissafin injin, kada a bar shi sai abin da ya ragu. A faɗa wa mai sayarwa tsayin garinmu da ƙurar hunturunmu tun kafin ya zaɓi girman moto da matatar iska. Wasu masu sayarwa za su ƙi waɗannan sharuɗɗa, wasu kuma za su ƙara kuɗi, amma yanzu masu ƙera inji sun yi yawa a Sin da Indiya da Turkiyya, kuma mai kuɗi a hannu na da zaɓi. Kason ƙarshe na kuɗin kuwa a riƙe shi har sai injin ya yi wata guda yana aiki da hatsinmu da wutarmu, ma'aikatanmu ne ke kunna shi, su kwance shi su mayar, baƙon injiniyan na tsaye a gefe yana duba aikinsu.